Karatun da Ya Ƙi Goguwa

Azumi bai daɗe da kamawa ba Mika'ilu ya bugo waya daga Jidda. Tahira ce ta ɗauka, domin tun da aka yi wa mahaifinta aiki a maƙogwaro wayarsa ta koma hannunta. Tana tsakar gida tana wanke geron kunu, sai ta goge hannu a zaninta ta kara wayar a kunne.

Mika'ilu tsohon ɗalibin mahaifin nata ne, Malam Nababa. Ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zauren gidan nan na Ɗorawar Liman kafin neman abinci ya kai shi Saudiyya, inda yake aikin gini. Ya gaishe ta, ya tambayi jikin Malam da na mahaifiyarta Inna Larai, ya tambayi zafin bana. Tun daga yadda yake jan gaisuwar Tahira ta gane akwai magana.

"Malama Tahira, wani abu ne ya taso mana a nan," in ji shi. "Da gaske Malam ya ce mai aikin ƙarfi a rana ya ajiye azumi, ya ciyar kawai, ba sai ya rama ba?"

Ta ce ita ba ta taɓa jin haka daga bakinsa ba. Ya ce shi ma bai taɓa ji ba, amma ga shi nan a shafin intanet na karatun Malam, cikin babin azumi. Hausawan da suke aiki tare sun yi ta tura wa juna, kuma akwai waɗanda tun ranar farko suke shan ruwa da rana, in an yi musu magana su kunna muryar Malam.

Shafin nan aikin Tahira ne. Da ta gama karatun kwamfuta a Kano ta dawo gida jiran aiki, zaman ya ishe ta, sai ta fito da kaset-kaset ɗin da ɗalibai suka riƙa ɗauka a zaure shekara da shekaru, ta mayar da su cikin kwamfuta, ta ɗora a intanet. Ba ta da injin da zai ɗauki nauyin wannan, don haka ta yi hayar kwamfutoci biyu daga wani babban kamfani, irin hayar da ake ce wa kilawud: injinan suna can wata ƙasa ba ka taɓa ganinsu ba, kai kana nan kana sarrafa su daga nesa. A azumin bara jama'a suka yi wa shafin yawa, ƙorafi ya riƙa zuwa cewa karatu yana yankewa. Cikin gaggawa ta yi ta kallon bidiyon koyarwa, duk wata hidimar kamfanin da sunanta ya yi kama da magani sai ta kunna. Ƙorafi ya tsaya. Ba ta tsaya ta bincika wacce ce ta yi maganin ba.

Ta bar geron a jiƙe ta nufi zaure. Malam yana kishingiɗe a kan buzu da carbi a hannu. Ya rame tun bayan aikin, muryarsa kuma ba ta dawo ba, sai wata raɗa mai kaushi da sai ka matso za ka ji. Ta durƙusa ta gaya masa abin da Mika'ilu ya ce, sannan ta nemo karatun ta kunna.

Muryarsa ta dā ta cika zauren, mai ƙarfi, mai sauri. Al'adarsa ce in zai rushe wata magana sai ya fara gina ta tukuna. Yakan kawo ta da duk hujjojin masu ita, ya ƙawata ta kamar tasa, har ɗalibai su fara gyaɗa kai, sannan ya ce, to ku saurara, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya warware. Haka ya yi a wannan karatun. Ya kawo maganar masu cewa manomi da magini da mai haƙar rijiya su sha abinsu su ciyar, ya yi mata ado har ƙarshe. Daidai nan sai aka ji ƙarar kaset ya kai ƙarshe, karatun ya tsaya.

Malam ya tashi zaune. Ya miƙe tsaye, ya je bakin ƙofa, ya dawo. Ya yi mata alama ta matso.

"Ina sauran?"

Ba ta san inda yake ba. Lokacin da take wannan aikin, farkon kowane kaset kawai take ji don ta sa masa suna. Ba ta taɓa zama ta ji wannan har ƙarshe ba. Ta faɗa masa haka kanta a ƙasa. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon gonakin da suka zo har gindin katanga, busassu, an jibge musu tulin taki ana jiran ruwa.

Kaset-kaset ɗin suna cikin wata tsohuwar adaka da buhu biyu a ɗakin Inna Larai. Suka zazzage su a tabarma. Wasu an rubuta musu suna da ajami, wasu da boko, da yawa babu komai. Inna ta ce ta tuna ɗalibin da yake ɗaukar karatun fiƙihu a wancan zamanin, in kaset ya cika masa, duk kaset ɗin da hannunsa ya kai shi yake zurawa, ko da akwai wani abu a kai. Wato sauran karatun zai iya kasancewa a ko'ina. Tahira ta jawo tsohuwar rediyo mai kaset, ta riƙa sawa tana cirewa, ta ji gaba, ta ji baya. Zafi ya sauko, kwanon ɗakin yana ta ƙara. Malam ya kasa zama a zaure. Ya shigo ya tsaya a kansu, ya fita, ya sake shigowa. Inna ta ce ya je ya kwanta, ya ɗaga mata hannu.

Sai bayan azahar suka same shi, a bayan wani kaset na karatun hadisi. Yana farawa da tarin wani ɗalibi, sannan muryar Malam ta ce, to ku saurara. Ya bayyana cewa mai aikin ƙarfi zai kwana da niyya ya tashi da azuminsa kamar kowa, in wahala ta kai shi inda yake tsoron cutuwa ya sha, amma ramuwa tana kansa. Malam yana tsaye yana ji, leɓɓansa suna bin kalmomin.

Tahira ta haɗa guntayen biyu a kwamfutarta, ta yafa mayafi ta nufi tudun da ke bayan makarantar firamare, inda sabis ya fi kamawa. A gindin wata ɗorawa ta zauna ta cire tsohon karatun daga kwamfutocin hayar, ta ɗora sabon. Ta buɗe shafin a wayarta ta ja karatun zuwa wurin da yake yankewa. Ya wuce lafiya. Ta tura wa Mika'ilu saƙo cewa an gyara, ta koma gida ta gaya wa Malam. Ranar ya sha kununsa, har ya ƙara.

Washegari da hantsi Mika'ilu ya sake kira. Ya ce karatun yana nan yadda yake, a wurin nan dai yake tsayawa. Tahira ta ce wayarsa ce ta riƙe tsohon, ya gwada da ta wani. Ya gwada da ta abokin aikinsa, haka. Ya nemo wani ɗan ƙasar Yaman mai shago da bai taɓa buɗe shafin ba, ya karɓi wayarsa ya gwada, haka dai. Ta kira wata 'yar'uwarsu a Ungogo, ita ta ce sabon take ji, cikakke. Ta tura wa wani ɗalibin Malam da ke Madina, shi kuma ya ce tsohon ne.

Ta tsaya a tsakar gida da wayar a hannu. Ta shiga ɗaki ta fito ba ta ɗauko komai ba. Ta san ta goge tsohon karatun, da idonta ta ga ya fita. Ba ta so ta gaya wa Malam ba, amma ya riga ya ga fuskarta daga ƙofar zaure. Da ta yi masa bayani sai ya ce ta rufe shafin gaba ɗaya.

Ta ce, "Baba, mutane da yawa suna bin tafsiri a kai kullum. In na rufe, duk za su rasa."

"Rufe shi," in ji shi cikin raɗa. "Gara su rasa."

Batirin kwamfutarta ya kusa ƙarewa, solar gidan kuma ba ta iya cika shi da wuri. Ta zura ta a jaka, ta fita bakin hanya ta tari babur zuwa titi, daga nan ta shiga mota zuwa Gezawa. Wani ƙanin Inna yana da shagon taki da maganin feshi kusa da tasha, yana da wuta, sabis kuma yana da ƙarfi a wurin. Ya ba ta benci a baranda, ya ja mata wayar wuta daga ciki. Warin maganin feshi da zafin kwalta suka haɗu mata a kai, ga ƙishirwa.

Ta shiga wurin sarrafa kwamfutocin ta kashe ta farko, ta kashe ta biyu. Alamar kowacce ta koma ja. Ta jira har lokacin da ta san su Mika'ilu suna hutun rana, domin agogonsu yana gaban namu, sannan ta kira ta ce ya gwada, ya gaya mata ko ya daina buɗewa.

Ya ce ta saurara. Sai ya kara wayar abokinsa a bakin tasa. Tahira ta ji muryar mahaifinta tana fitowa daga Jidda, tana jera hujjojin masu shan azumi, alhali kwamfutocin da ke ɗauke da ita duk a kashe suke a gabanta. Ta miƙe ta zagaya bayan shagon, ta dawo ta zauna, ta sake miƙewa.

Da ta dawo kan benci sai ta buɗe jerin hidimomin da ta kunna bara. Suna nan a jere, sunayensu duk sun yi mata kama da juna, kowanne yana maganar hanya da haɗi da isarwa. Idonta ya tsaya a kan wanda ke riƙe da sunan shafin. Ta ce a ranta, in na goge sunan ai babu wanda zai same shi. Ta kai hannu har kamfanin ya tambaye ta ko ta tabbata. Sai ta tuna jiya ma ta tabbata, ɗazu ma ta tabbata. Ta janye hannun ta kira Raudatu.

Raudatu ƙawarta ce tun jami'a, ɗakinsu ɗaya. Ita ta samu aiki a Abuja, kuma irin wannan aikin take yi kullum. Ba ta ɗauka ba. Tahira ta sake kira, ta tura saƙo, ta zauna tana kaɗa ƙafa. Motocin Kano suna ta lodi a tasha, kwandastoci suna kiran Yankaba. Kawun nata ya leƙo ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya. Ta duba wayar ya fi a ƙirga kafin ta yi ƙara.

Raudatu ta ce taro suke yi, ta fito ne ta tsaya a bakin bene. Tahira ta zayyana mata komai a jere ba numfashi, ta ƙare da cewa yanzu sunan za ta goge.

"Kar ki taɓa shi," in ji Raudatu. "In kin goge, ba nan take duniya za ta manta da shi ba, in kuma kin mayar ba nan take za ta tuna ba. Za ki ƙara wa kanki ciwo ne, tsohon karatun kuma yana nan inda yake. Karanto min abin da kika kunna."

Tahira ta karanto guda huɗu. Raudatu ta ce kada ta ƙara taɓa komai sai ta faɗa mata aikin kowanne da bakinta, da Hausa, ba da turancin kamfani ba. Tahira ta ji haushi. Ta ce ba jarrabawa ta kira a yi mata ba, mutane suna can suna shan azumi da sunan ubanta. Raudatu ta ce ta sani, shi ya sa.

Tahira ta runtse ido ta fara. Na farko, DNS, aikinsa in mutum ya rubuta sunan shafin ya gaya wa wayarsa adireshin da za ta je. Na biyu katanga ce, tana duba masu shigowa, ta bar wasu ta tare wasu. Na uku shi ne mai raba lodi, yana tsaye gaban kwamfutocin biyu, in baƙi sun yi yawa ya tura wannan nan, ya tura wancan can, don kada ɗaya ta durƙushe.

"A cikin ukun nan wanne ne yake ajiye karatu a wurinsa?" in ji Raudatu.

Tahira ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai suna adireshi kawai ya sani, bai san abin da ke cikin gidan ba. Katanga ba ta riƙe komai. Mai raba lodi kuwa miƙawa kawai yake yi, in kwamfutocin da ke bayansa suna kashe ba shi da abin da zai ba kowa. Ta ce babu ko ɗaya.

"Saura na huɗun."

Na huɗun shi ne CDN. Bara ta ɗauka ɗan'uwan mai raba lodi ne, tunda duk biyun an ce suna rage wa shafi nauyi. Yanzu da ta zo faɗar aikinsa da bakinta sai maganar ta fito mata daban. Kamfanin yana da ma'ajiyoyi a ƙasashe da yawa. In wani a Jidda ya nemi karatu, ma'ajiyar da ke kusa da shi takan karɓo daga kwamfutarta sau ɗaya, ta ajiye kwafi, duk wanda ya sake nema a yankin sai ta ba shi daga nan ba tare da ta waiwayi tushe ba. Shi ya sa yankewa ta daina bara. Shi ya sa kuma na Ungogo suka ji sabo, domin a nan gida ba a cika neman wannan babin ba, ma'ajiyar kusa ba ta riƙe shi ba.

Raudatu ta tambaye ta tsawon lokacin da ta ce a riƙa ajiye kwafin. Tahira ta duba. Mafi tsawon da kamfanin ya yarda ta zaɓa, shekara guda, saboda a lokacin ta ga karatun da aka yi tun kafin a haife ta ba zai canza ba.

Raudatu ta ce akwai wurin da za ta ba ma'ajiyoyin umarni su zubar da kwafin wannan karatun, amma sai ta kunna kwamfutocin tukuna, don in sun zubar su sami sabon da za su ɗauko. Daga nan aka kira ta daga ciki, ta ce sai anjima.

Tahira ta tsaya a kan wannan. Malam ya ce ta rufe, bai ce ta rufe ta sake buɗewa ba. Ta ɗauki waya za ta kira gida, sai ta tuna wayarsa ce a hannunta, ta Inna kuma tana ɗaki ba caji. Ta yi ta juya abin. In ta bar su a kashe, ta bi umarninsa, amma rabin maganarsa zai ci gaba da yawo a Jidda. Ta yi bisimilla ta kunna.

Kwamfutocin suka ɗauki lokaci kafin su tashi. Ta leƙa cikin kowacce ta tabbatar sabon karatun ne a ciki. Ta nemo wurin ba da umarnin, ta rubuta sunan karatun, ta sake karantawa harafi-harafi, ta danna. Wani ɗan da'ira ya fara juyawa. Ana cikin haka sabis ya ɗauke. Ta ɗaga wayar sama, ta fita tsakiyar rana ta tsaya kusa da masu sayar da mangwaro, ta dawo. Da ya dawo sai ta tarar an rubuta cewa an gama.

Mika'ilu ya koma bakin aiki, bai ɗauka ba sai bayan la'asar ɗinsu. Wannan karon ma kara mata wayar ya yi. Ta ji hujjojin masu shan azumi, ta ji ɗan tsalle a inda ta haɗa kaset biyun, ta ji tarin ɗalibin nan, sannan muryar ta ce, to ku saurara. Ta sauke ajiyar zuciya ta jingina da buhun taki. Na Madina ma ya turo cewa ya gyaru.

Kafin su yi sallama Mika'ilu ya ce akwai saura. Yawancin mutanensu ba daga shafin suke ji ba yanzu. Wani ya sauke guntun a wayarsa tun farkon azumi, shi ne ake ta turawa daga waya zuwa waya, har ya wuce Jidda.

A motar komawa Tahira ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Tana manne da taga tana kallon gonaki da rumbuna da bishiyoyin gawo suna wucewa, tana lissafa abin da ke hannunta da abin da ba ya hannunta. Ta sauka a mararraba, ba ta jira babur ba, ta taka da ƙafa. Ta isa gida ana shirin kiran magariba.

Bayan an sha ruwa ta gaya wa Malam duk abin da ya faru, har da kunna kwamfutocin da ta yi ba da izininsa ba. Ya saurara, ya sa ta maimaita masa bayanin ma'ajiyoyin nan, ya tambaya ko akwai wata da umarnin bai kai mata ba. Ta ce babu. Sai ya tambayi waɗanda suka riga suka sauke a wayoyinsu. Ta ce waɗannan babu wata hidima ta kamfanin da take kaiwa gare su. Ya ajiye kofin kunun bai shanye ba.

Da safe bayan ya idar da wuridinsa ya aika Inna ta kira ta. Ya sa farar riga da rawani kamar mai shirin fita karatu. Ya nuna wayar ya ce ta ɗauki maganarsa.

Tahira ta dubi Inna. Tun bayan aikin Malam bai yarda wani na waje ya ji muryar nan ba. Ko baƙi suka zo dubiya, da hannu yake amsa musu. Inna ta ce likita ya hana shi wahalar da maƙogwaron. Ya ce ya ji. Tahira ta rufe ƙofar zaure saboda kukan awaki, ta durƙusa ta kai wayar dab da bakinsa.

"Ni ne Nababa na Ɗorawar Liman," in ji shi. "Wannan ita ce muryata yanzu. Abin da kuka ji rabin magana ne, ba fatawata ba ce. Wanda ya sha saboda shi, ya rama, ya nemi gafarar Allah, ni ma ina nema. Wanda ya tura wa wani, ya tura masa wannan."

Sai da suka ɗauka sau da yawa, domin tari yana katse shi, wani lokaci kuma sautin ba ya fita sam. Da suka gama gumi ya jiƙa masa riga. Tahira ta haɗa saƙon da cikakken karatun, ta hau tudu ta tura wa Mika'ilu da duk ɗaliban da take da lambarsu, ta kuma sa shi a saman shafin.

Amsoshi suka riƙa zuwa kwana da kwanaki. Wasu tsofaffin ɗalibai sun kira suna kuka, ba su san jikin Malam ya kai haka ba. Wasu sun ce ba muryarsa ba ce, wani ne yake kwaikwayo, har sai da Mika'ilu ya rantse musu. Ya ce yawancin waɗanda suka sha a wurin aikinsu sun koma azumi, sun ce za su rama bayan Salla.

Mutum ɗaya ne ba a samu ba. Sunansa Abdulkabir, ɗan wajen Ɗambatta, kuma shi ne ya fara sauke guntun ya yaɗa. Kafin gyaran ya iso an ɗauke shi aiki a wata gona can cikin sahara wajen Tabuka, lambarsa kuma ta daina shiga. Malam ya sa aka nemo gidansu. Tahira da kanta ta shiga motar Ɗambatta ranar kasuwa, ta sami mahaifiyarsa, tsohuwar ta ce su ma rabonsu da jin sa tun kafin azumi. Tahira ta bar mata saƙon a wayar maƙwabcinsu, ko da zai kira.

Malam ya ce ba za a bar ko kaset ɗaya a shafin ba sai an ji shi daga farko har ƙarshe. Sauran azumin a haka suka yi shi, shi a kan buzu, ita a gefe da kwamfuta, rediyo a tsakaninsu. Sun sami wasu karatun guda biyu da suka yanke, amma ba a wuri mai haɗari ba. Kowace safiya kafin ta kunna rediyon sai ya ɗaga kai ya dube ta, ita kuma ta girgiza kai, wato babu labarin Abdulkabir.

Aka yi Salla, aka yi ruwan farko, mutanen gari suka fita shuka. Ranar wata Laraba tana tsakar gida sai wayar Malam ta yi ƙara, baƙuwar lamba ce ta Saudiyya. Ta ɗauka da sauri tana sallama. Iska kawai take ji da wata murya can nesa tana cewa ana ji na, ana ji na, sai layin ya yanke. Ta bi kiran bai shiga ba. Ta zari mayafi, ta ratsa ta cikin masu shuka ta nufi tudun bayan makaranta, tana tafe tana sake bugawa.